Hanyar Gwarzo: Ta Masu Wucewa Ce Ko Ta Masu Zama?

Duk wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Kabuga ya fuskanci yamma, to, ya hau hanyar da Kanawa suke kira hanyar Gwarzo. Tafiyar kimanin kilomita 70 ce daga bakin ƙofar zuwa garin Gwarzo, sa'an nan in an ƙara gaba kaɗan a tsallake iyakar Jihar Kano a faɗa ƙasar Katsina, a isa Dayi, inda hanyar ta haɗu da wadda ta taso daga Funtuwa ta bi ta Malumfashi ta nufi Yashe. Malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero sun san farkonta kamar yunwar cikinsu, domin a gefenta sabon mazaunin jami'ar yake, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa bin ta har ƙarshe da niyyar duba abin da yake dama da hagunta. Manufar wannan rubutu ita ce a bi wannan hanya a ƙasa, a kuma bi ta a cikin tarihi, domin a nuna abu guda. Tun da aka san ta, kowane mai mulki da ya taɓa ta yana da wata bukata tasa da take can ƙarshen hanyar, mutanen da suke zaune a gefenta kuwa sai dai su tsinci abin da ya faɗo. Aikin mayar da ita tagwayen hanya, idan ba a yi hattara ba, shi ma sahun da zai bi ke nan.

Da farko dai ga yadda hanyar ta miƙe. Daga Kabuga, inda yanzu motoci suke bi ta gadar ƙasa, sai Tudun Yola da Rijiyar Zaki, sai Rimin Gata da jami'a, sai a shiga ƙasar Tofa inda Langel da Janguza suke, da barikin soja. Daga nan sai Rimin Gado, a ratsa ƙasar Kabo, a sauka Gwarzo. Mai karatu ya ɗan tsaya a kan waɗannan sunaye. Tudu ne, da rijiya, da rimi, da wani rimin kuma. Matafiyin da yake kora jaki ba ruwansa da lissafin kilomita, abin da yake lissafi shi ne inda zai sami ruwa da inda zai sami inuwa kafin rana ta take, don haka da rijiya da itace yake auna nisan tafiyarsa, kuma da su yake yi wa na baya kwatance. Sunayen da zamanin mota ya kawo daban suke, watau irin su kwanar kaza, da tashar kaza, da gidan mai, ko kuwa Mil Tara da take kan hanyar Katsina. Ashe ko ba a buɗe littafi ba, bakin mutane ya riga ya shaida cewa ƙafa da kofato ne suka fara share wannan turba, kwalta daga baya ta zo ta hau kai.

Ita kanta Ƙofar Kabuga tana da labari. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi mulki daga 1618 zuwa 1623, Wambai Giwa ya ƙara faɗin ganuwar birni ta wajen yamma domin ya faranta wa ubangidansa rai, kuma a cikin ƙofofin da wannan sabon gini ya haɗa har da Kabuga. Wannan Wambai ɗin ne kuma ya tafi Karaye ya zauna, yana kai wa Katsinawa hari daga can. Watau tun a ƙarni na 17 yammacin Kano fagen fama ne tsakanin manyan birane biyu. Jihadi bai kawo ƙarshen wannan hali ba, sai dai ya sake abokan gaba. Sarakunan Haɓe da aka kora daga Katsina sun kafa Maraɗi, suka riƙa kawo hari kudu, sarakunan Kano kuwa tun daga Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, suka dage wajen ƙarfafa garuruwan iyaka masu ganuwa a matsayin ribaɗi, kuma Gwarzo da Karaye suna cikin waɗanda suka tsare wannan gefe. Hanyar a wannan zamani ta manzon sarki ce, da jakada mai karɓar haraji, da mahaya masu kai gudummawa, da fatake masu tafiya a ayari don tsoron 'yan fashi. Ba za a ce talaka bai amfana ba, domin ganuwar da ya gina ita yake fakewa a ciki ranar da ƙura ta tashi. Amma fa shi ne mai yaɓen ganuwar, shi ne mai kawo harawar dawaki, kuma abin da ake tsarewa da farko shi ne birni.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta shiga Kano, kuma ta Ƙofar Kabuga aka shiga. Bayan shekara takwas, a 1911, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Daga nan ma'anar hanya ta sake gaba ɗaya. Turawa sun zo da kwaɗayin auduga domin masaƙun ƙasarsu, har suka kafa kamfanin da Hausawa suke kira Bisije, amma manoman Kano da 'yan kasuwarta suka ba su mamaki a 1912, suka rungumi gyaɗa, domin ita ce ta fi kawo kuɗi kuma ana iya cin ta in kasuwa ta faɗi. Auduga sai ta fi kafuwa a kudancin Katsina da arewacin Zazzau da wannan yanki na yammacin Kano, aka gina gidajen gurza a wurare kamar Funtuwa da Malumfashi, jirgi kuma ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. To, ƙasar Gwarzo da Dayi tana tsakanin waɗannan layukan dogo biyu ne, ba ta kan kowanne. Abin da Turawa suke bukata daga gare ta shi ne buhu ya fita daga fuloti ya isa tasha a cikin rani, kafin ruwa ya sauka. A tsarinsu hanyar mota baiwar jirgi ce, aikinta ta kai masa kaya.

Wannan shi ya sa yawancin hanyoyin karkara na wancan zamani na rani ne kawai. Da damina ta kankama rafuka su cika, mota ta daina zuwa, babu wanda ya damu, tun da kayan da ake so sun riga sun wuce. Su wa suka yi aikin? Talakawa ne, a ƙarƙashin En'e. Umarni ya sauko daga Razdan zuwa ga sarki, daga sarki zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci da mai unguwa, a fito da majiya ƙarfi da fartanya da kwando, a share ciyawa, a ɗebo marmara a ka, a zuba a daɓe. Dattawan karkara da suka riski ƙarshen wannan zamani ba su kiransa da wani suna sai aikin tilas. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya ɗauki marmarar a kansa, shi ne wanda bai da kuɗin hawa motar da za ta bi ta kai. Da ƙafa yake zuwa kasuwa, a gefen hanyar da ya gina, yana kauce wa ƙura.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka naɗa Audu Baƙo gwamna, karkara ta ga wani sauyi wanda ya cancanci yabo. Shi ne ya kafa harsashin gina madatsun ruwa a faɗin jihar, wanda Tiga, da aka gama a 1974, ita ce babbarsu, kuma farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa ya yi hangen nesa. Yammacin Kano ya sami rabonsa a shekarun da suka biyo baya. Akwai Watari a ƙasar Bagwai, da Guzuguzu da Magaga a ƙasar Kabo, sa'an nan babbar madatsar Challawa a ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992. Noman rani ya bunƙasa, tumatir da albasa da attaruhu da shinkafa suka shiga sahun kayan da suke hawa hanyar Gwarzo. A nan ne wata matsala ta ɓullo wadda ba a san ta ba a zamanin auduga. Buhun auduga yana iya kwana talatin a rumfa yana jiran mota, bai san an yi ba. Kwandon tumatir kuwa in ya kwana biyu a rana ya zama ruwa. Gonakin da suke ƙarƙashin waɗannan madatsu ba a bakin kwalta suke ba, suna can ciki, kuma tsakaninsu da kwalta akwai yashi da kwazazzabai. An kawo ruwa gona, amma ba a kai hanya gona ba.

A ɗaya ƙarshen kuma birni ya soma cin hanyar. Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, aka yanka mata babban fili a kan wannan hanya, kuma bayan jami'a sai unguwanni suka biyo. Rijiyar Zaki, wadda gonakin dawa da gero suka kewaye a da, yanzu ta haɗe da birni har ba a ganin tsakani. Manomin da ya sayar da gonar gado ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba, ya je Makka, ya ƙara aure, ya sayi babur, bayan shekara biyar ga ɗansa yana gadi a gidan da aka gina a kan gonar. Ba laifin jami'a ba ne, ba kuma laifin hanya ba ne, haka birane suke girma ko'ina. An ambace shi ne domin a ga cewa ko a inda hanya ta ɗaga darajar ƙasa, ba lalle ne ɗan asalin wurin ya ci ribar ba.

Yanzu sai a zo kan maganar da take gaban jama'a. Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne, akwai na gwamnatin tarayya, da na jiha, da na ƙananan hukumomi. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, gwamnatin tarayya ta karɓi hanyoyi da dama daga hannun jihohi. A zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi tagwaye, aikin kuma ya yi ta jan ƙafa. Masu goyon bayan aikin suna da hujja mai ƙarfi, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Hanyar ta yi wa motocin da suke binta kaɗan. Duk wanda zai je Malumfashi ko Funtuwa, da masu zarcewa Gusau da Sakkwato, da yawansu nan suke bi. Tirela da bas da akori-kura da babur duk a kan siririyar kwalta ɗaya, gefenta ya zaizaye, direba ya kauce wa rami ya yi gaba da gaba da mai zuwa. Gidaje da yawa a wannan yanki sun yi zaman makoki saboda haka. Raba hannun masu zuwa da na masu dawowa yana rage irin wannan karo, babu mai gardama a kai.

Amma fa tagwayen hanya an tsara su ne domin gudu, gudu kuwa bukatar mai wucewa ce. Mai karatu ya dubi abin da yake faruwa a ƙauyen da irin wannan hanya ta ratsa. Garin da yake ɗaya sai ya wayi gari biyu, dakalin siminti a tsakiya. Makarantar firamare tana wannan hannu, rabin yaranta suna wancan. Masallacin Juma'a yana nan, maƙabarta tana can, sai a ga masu ɗauke da makara sun tsaya a bakin titi suna jiran tirela ta wuce. Mai amalanken shanu da zai kai taki gonarsa da take tsallake, wadda yake hangowa daga ƙofar gidansa, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami inda aka bar kafar juyawa, ko kuwa ya bi hannun da ba nasa ba, ya sa ransa da na shanunsa a haɗari. Burtalin da makiyaya suke bi tun kaka da kakanni ya yanke, kuma garken da bai sami mashiga ba gonar wani zai faɗa, daga nan sai rigima. Kasuwar ƙauye, wadda rayuwarta ta dogara ga motar da take rage gudu direba ya sayi rake da ƙosai, sai ta ga motoci suna wucewa kamar kibiya. Wanda ya bi manyan hanyoyin da aka riga aka raba a ƙasar nan ya ga yadda mutane suke fasa dakalin da guduma da dare domin su sami mashiga. Hukuma takan kira wannan ɓarna, alhali kuwa gyara ne talakawa suke yi wa zanen da aka yi ba a tambaye su ba.

Babbar tambaya ita ce, me ya fi hana manomin Kabo ko Shanono ko Karaye kai kayansa kasuwa? Ba faɗin kwaltar Gwarzo ba ne. Wahalarsa tana cikin kilomita biyar ko goma na farko, daga gona zuwa bakin titi. A nan ne mota take kafewa, a nan ne direba yake ninka kuɗin ɗauka ko ya ƙi zuwa sam, a nan ne dillali yake samun ƙarfin taya kwando yadda ya ga dama, domin ya san manomi ba shi da zaɓi. A nan ne kuma mace mai naƙuda take galabaita a kan babur ko amalanke kafin a kai ta asibitin Gwarzo. In ta iso kwalta, ko ɗaya ce ko tagwaye, mafi munin tafiyar ya riga ya wuce. Hanyoyin da suke amsa wannan bukata su ne rassan da suka fita daga babbar hanyar, kamar wadda ta tashi daga Janguza ta bi Durum da Kabo ta kai Karaye, da wadda ta tashi daga Gwarzo ta bi Tsaure ta kai Tsanyawa, waɗanda gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyin aikinsu, sa'an nan da ɗaruruwan ƙananan hanyoyin burji da suke hannun ƙananan hukumomi. Kuɗin da ake kashewa a kilomita ɗaya na tagwayen hanya zai yi kilomita da yawa na burji mai kyau da kwalbati. Sai dai kwalbati ba ta da kwarjini, babu gwamnan da yake gayyato manyan baƙi domin yanke ƙyallenta.

Wani zai ce ai an taɓa gwadawa. Gaskiya ne. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa wata hukuma ta musamman domin samar da abinci da hanyoyi da sauran kayan raya karkara, ta share hanyoyin burji masu yawa a faɗin ƙasa. Da yawansu ba su ga damina uku ba. Dalili kuwa a fili yake. Hanyar burji kamar rufin soro take, kowace shekara tana son yaɓe. Ana bukatar a yashe magudanar ruwa kafin damina, a cike zaizaya, a turo mota mai baje ƙasa ta bi ta kai bayan ruwa ya ɗauke. An ba da kuɗin sharewa, ba a tanadi na kulawa ba, kuma ba a ce ga mai hanyar ba. A nan, duk da mugun tabon aikin tilas, En'e ta fi na bayanta sanin abu guda, watau kowane yanki na hanya yana da wanda za a tuhuma in ya lalace. Abin da ake so a yau shi ne wannan alhakin, amma da lada, a ɗauki samarin ƙauyen da hanya ta ratsa a biya su albashi su kula da ita. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ranar da wannan kuɗi ya isa hannun shugabannin Tofa da Rimin Gado da Kabo da Gwarzo da Malumfashi yadda kotu ta ce, ba su da sauran uzuri a kan hanyoyin burji.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda ta sa tarihin ribaɗi ya dawo sabo. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, kuma tun daga lokacin ƙauyukan kudancin Katsina ba su huta ba, har abin ya taɓa ƙauyukan Kano na kan iyaka. Waɗannan mutane a kan babur suke tafiya, ta cikin daji da gonaki, kuma ƙauyen da suke zaɓa shi ne wanda suka san motar jami'an tsaro ba za ta kai gare shi da wuri ba. Ga barikin soja a Janguza, a bakin kwalta. Amma gudummawar da ta yi gudu a kan tagwayen hanya, sa'an nan ta je ta kafe a rafi saura kilomita bakwai ta isa, gawa za ta tarar. Magabata sun gina wa garuruwan iyaka ganuwa domin taimako daga birni yana ɗaukar kwanaki. Ganuwa ba za ta dawo ba, abin da zai maye gurbinta shi ne hanyar da take biyuwa rani da damina.

Ba ana cewa a dakatar da aikin tagwayen hanyar ba ne. Aikin da aka fara, aka rushe wa mutane shaguna da gidaje saboda shi, barinsa a rabi ya fi komai muni. Abin da ya kamata sarakuna da hakimai da 'yan majalisar wannan yanki su tsaya a kai shi ne, kafin a rufe dakalin tsakiya a kowane gari a zauna da mutanen garin a tambaye su ina makaranta, ina maƙabarta, ina burtali, ina kasuwa take ci, a bar mashiga a inda suka nuna, a yi wa kasuwanni wurin tsayawar mota a gefe, a biya diyyar duk wanda aka taɓa kafin katafila ta iso ƙofarsa. Gwamnatocin Kano da Katsina kuma su ware wa rassan hanyar kuɗin kulawa na kowace shekara, a rubuce a cikin kasafi da sunan kowace hanya, ta yadda mutumin Durum ko na Tsaure zai iya zuwa sakateriyar ƙaramar hukumarsa a watan Afrilu ya tambayi dalilin da ya sa ba a yashe kwalbatin garinsu ba.